Yashi ko Hazo

Haruffa ukku ne a bayan kyamara: ISO. Yawancinmu kan bar su a "oto" tun ranar da kyamara ta shigo hannu, ba mu ƙara waiwayarsu. Ni sunan ne ya fara tsayar da ni, kun san halin ƴan ilimin harshe. Sunan wata ƙungiyar daidaita ma'auni ne da ke Janeba ta ƙasar Suwis, wadda aka kafa a 1947, kuma ita da bakinta ta ce daga kalmar Girkanci "isos" ta ɗauko shi, wato daidai wa daida. A zamanin fim, Amurka na da nata ma'aunin, ASA, Jamus na da DIN, sai a 1974 aka haɗe su ƙarƙashin wannan suna.

Abin da ya haɗa ni da su kuwa aikin makaranta ne. Duk hutu ina komawa gida Dogarawa ina ɗaukar muryar tsofaffi, masu cewa "tahi" da "hwara" da "wanga", kuma kowace murya ana son hoton mai ita. To tsofaffinmu ba a rana suke hira ba. Cikin zaure ne, ko ƙuryar ɗaki mai ƙofa ɗaya, inda in ka shigo daga waje sai ka tsaya idonka ya washe.

Abu ukku ke hukunta hasken hoto: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon ƙiftawar kyamara, da ISO. Lissafin ISO ninki ne. Daga 100 zuwa 200, rabin haske ya isa. Haka 400, 800, 1600, har sama. Ana cewa wai yana ƙara wa kyamara kaifin gani, amma a kyamarar zamani ba haka abin yake ba. Hasken da ya shiga shi ne ya shiga, ƙara masa ƙarfi kawai ake yi daga baya. A na'urar ɗaukar murya na gane wannan. In tsohuwa na magana ƙasa-ƙasa na murɗa sauti, muryarta na tashi, amma tare da ita injin niƙa na tashi, da kukan jaki, da rurin manyan motocin da ke bin babban titi tsakanin Ƙonni da Madawa. Haka ISO yake. Ka kai shi 6400, fuska za ta fito, sai dai kamar an watsa mata yashi.

Aikin oto shi ne ya zaɓa maka tsakanin asara biyu. Ko ya ɗaga ISO ka samu yashi, ko ya ja ƙiftawa ta daɗe, duk abin da ya motsa ya zama hazo. Kuma yawancin kyamarori in za su yanke wannan hukunci tsawon gilashinka suke dubawa, wato rawar hannunka kawai suke tsoro. Ba su san dattijon da ke gabanka da hannu yake magana ba, kai na kaɗawa, carbi na yawo. Na taɓa roƙon wani kakana ya ɗan tsaya cik, ya ce: "Kai yaro, magana kaka so ko gunki?" Yana da gaskiya. Saboda haka kyamarar nake ɗaurewa. A Nikon da Canon da yawa, cikin saitin oto ɗin akwai wuri biyu: iyakar da ISO ba zai wuce ba, da ƙiftawar da ba za a yi ƙasa da ita ba. Nakan sa 1/125, in mai yawan nuni ne 1/250, in bar ISO ya hau har 6400. Masu hoton biki za su ce na yi ganganci. Ni dai na fi son yashi. Cikin yashi ana ganin tsagen da ke kumatu, ana ganin yadda leɓe ke dunƙulewa wajen faɗin "hw". Cikin hazo babu ko ɗaya.

A rana kuma wata matsala ce dabam, kuma ita ta fi ba ni haushi. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duniya, in an cakuɗa ta, ruwan toka ce, mai mayar da wajen kashi 18 cikin ɗari na haske. Ka tsaya a Galmi lokacin cinikin albasa, ga dillali cikin farar riga ƙal, rana tsaka. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske don ta mayar da rigar toka, fuskar mutum ta koma kamar gindin tukunya. Maganin ɗan maɓalli ne mai alamar +/-: ka ƙara ɗaya, ko da rigar za ta ɗan ƙone. Ba sabon abu ba ne. Shekaru da dama Kodak na daidaita launin hotuna da kati mai hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley. Tecno kuwa ta ci kasuwar Afirka, cikin dalilai har da gyara kyamarar wayoyinta don baƙar fata. Wanda ya taɓa rubuta "hwara" aka ja masa jan biro aka mayar "fara" ya san wannan "daidai" ɗin. Akwai wanda aka auna shi a jikinsa.

Duk da haka ban kashe oto ba. In hira ta yi daɗi, ido na kan bakin mai magana, kunne na cikin na'ura, ba ni da hannu na ukku na murɗa lamba duk sa'ad da wani ya gitta ƙofar zaure ya tare haske. Kowane hoto na ajiye lambobinsa a cikinsa, in an buɗe a kwamfuta ana gani, da su nake gyara saitin gobe. Na wata tsohuwa da ta ba ni kalmomin kaɗi da saƙa ya nuna 6400 da 1/125, yashi ko'ina, mazari a hannunta. Da daminar bara ta rasu, Allah ya jiƙanta. Jikokinta sun zo neman hoton, na kai Ƙonni aka wanko musu shi babba.