Kafin a Wanke Allo

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Tun daga lokacin kwamfutocin malamai da na ɗalibai suka yi ta zarya zuwa teburin masu gyara, kuma kalmar da ke bakin kowa ita ce "fomatin". Ɗora sabuwar babbar manhaja ba ya cin sa'a guda. Abin da ke cin lokaci, wanda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne shirya faifan ajiya kafin a taɓa shi, domin a nan ne aikin shekaru yake tsira ko ya salwanta.

Wani malamin adabin baka da ya kusa ajiye aiki ya kira matashin da ke kula da ɗakin kwamfuta na sashensu, ya miƙa masa tasa, ya ce, "Ɗana, wanke mini ita ka sa sabuwar, jibi nake son abata."

Matashin ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Ranka ya daɗe, wankin ba wuya. Amma a ba ni izini in fara ganin abin da ke ciki."

Abin da ke ciki kuwa ba na wasa ba ne. Akwai muryoyin tsofaffin mata masu tatsuniya da aka naɗa a kaset aka mayar cikin kwamfuta, da hirarraki da makaɗan noma da na maza waɗanda yawancinsu ƙasa ta rufe wa ido, da ɗaruruwan shafuka na rubutun da aka fitar daga waɗannan muryoyi. Kaset-kaset ɗin na asali zafi da ƙura sun daɗe da cinye su. Faifan nan shi kaɗai ya rage.

Matashin ya fara da duba lafiyar faifan. Faifan zamani yana riƙe da rahoton kansa, wanda ake kira SMART, inda yake ƙirga sa'o'in da ya yi yana aiki da guraben da suka lalace a jikinsa. Faifan da ya fara gajiya ba a ɗora masa sabon gini. Kwashe kaya ake yi a sauya shi. Na Malam ya nuna lafiya lau, sai dai teburin rabonsa irin na da ne. A farkon kowane faifai akwai ɗan wurin da ke bayyana yadda aka yanka shi kashi-kashi, kamar takardar da ke nuna iyakokin filaye a unguwa. Tsohon tsarin, MBR, ya fito tun 1983. Manyan kaso huɗu kawai yake ɗauka, kuma a faifan da aka saba ba ya ganin abin da ya haura terabayit 2. Windows 11 kuwa tana bukatar UEFI, wanda ke tafiya da sabon tsarin GPT. Hanyar da masu gyara suka fi bi ita ce share teburin gaba ɗaya su yanka sabo. Da zarar an yi haka, kwamfutar ba ta ƙara sanin inda komai yake ba.

Saboda haka kwafi ya zama wajibi, kuma a nan tarko na farko yake. Filashin da Malam ya kawo yana kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4. Hoton bidiyon wani wasan dambe ya fi haka, ya ƙi shiga. Mai gaggawa da ya danna "tsallake" ya ci gaba da hira, da shi ke nan an yi asararsa ba tare da kowa ya sani ba. Matashin ya samo wani faifai na waje mai tsarin NTFS, ya kwashe komai, sannan ya gwada adadin fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu har suka yi daidai.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ƙa'ida: ba a wanke allo sai an biya wa malam karatun ya gamsu cewa ya zauna. Almajirin da ya wanke kafin ya biya, ya zubar da tawada ya zubar da karatu. Biyawar kwafi ita ce a kai shi wata kwamfuta dabam a buɗe, a saurari muryoyin, a karanta takardun. Da matashin ya yi haka, muryoyin suka fito tar, amma rubutun ya zo da abin mamaki. Inda Malam ya rubuta "ƙasa" sai ga "qasa", "ɗaya" ta koma "xaya", "ɓarawo" ya zama "varawo". A wasu tsofaffin takardun ma baka-baka ne da wasu alamomi suka tsaya a gurbin haruffan.

Wannan ba lalacewa ba ce, tarihi ne ya leƙo. Lokacin da kwamfuta ta shigo hannun marubutan Hausa, allon bugunta ba shi da haruffa masu lanƙwasa. A shekarun 1990 masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, Kano, suka samar da zubin haruffa na musamman, kuma da irinsu aka buga kundaye da mujallu da littattafai masu yawa. Dabarar irin wannan zubi ita ce a ari gurbin wani harafi ko alamar da Hausa ba ta amfani da su, a zana harafi mai lanƙwasa a wurin. Ido yana ganin ƙ, kwamfuta kuwa q ta ajiye. Zubin yana zaune ne a cikin jakar babbar manhaja, ba a cikin jakar takardu ba, don haka mai kwashe takardu kaɗai zai bar shi a baya, fomatin ya tafi da shi. Matashin ya koma ya kwafe zubin haruffan su ma.

Ya kuma bayyana wa Malam cewa maganin dindindin shi ne mayar da rubutun kan tsarin Unicode, inda ɓ da ɗ da ƙ kowanne yake da lambarsa da kowace na'ura ta sani. Sai dai aiki ne na natsuwa. Wanda ya umarci kwamfuta ta mayar da kowane v ya zama ɓ a kundi guda, zai gyara Hausar ya ɓata sunayen marubutan Turai da duk wata kalmar Ingilishi da ke ciki. Dole mai ido ya bi shafi-shafi.

Sai da aka gama wannan duka aka zo yanka faifan. Ya ware ƙaramin kaso na tayar da kwamfuta, da kaso na babbar manhaja mai yalwa fiye da gigabayit 64 da Windows 11 ta gindaya a matsayin mafi ƙaranci, sannan ya bar sauran ga takardu da muryoyi. Hikimar ita ce ta magidancin da ya raba ɗakin kwana da rumbu: in an tashi sake yaɓen ɗaki, ba sai an taɓa hatsi ba. Amma ya gargaɗi Malam cewa rumbun da ɗakin a gida ɗaya suke. In faifan ya mutu, ko aka sace kwamfutar, duka za su tafi tare. Faifan waje ya kamata ya kwana a wani wuri dabam.

Akwai kuma ɗaya gefen lamarin, wanda ya shafi amana. Fomatin na gaggawa ba ya goge abin da ke kan faifai mai juyawa. Jerin sunayen kawai yake sharewa, bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma akwai manhajojin da ke tono su. Wannan rahama ce ga wanda ya yi kuskure, amma haɗari ne ga wanda zai sayar da kwamfuta ko ya bayar da ita kyauta. A faifan malamin jami'a akwai makin ɗalibai, da takardun jarrabawa, da muryar matar da ta yarda ta yi waƙar niƙa bisa sharaɗin ba za a ji ta a gari ba. Faifan da zai bar hannun mai shi yana bukatar cikakken shafewa, irin wanda ke bin kowane gurbi ya rubuta sifiri a kai.

Aikin da aka ce jibi ya ɗauki mako guda, kuma mafi yawansa ba na waya da sukurudireba ba ne, na zama ne da mai kayan ana tambayarsa: wannan muryar ta wace ce, a wane gari aka naɗa, a wace shekara? Fayiloli da yawa ba su da suna sai lamba, kuma Malam kaɗai ya san abin da lambar take nufi. A sassan Hausa na jami'o'inmu akwai faifai irin wannan a jakar malamai da dama, kowanne da taskar da ba ta da na biyu. Ya dace kowane sashe ya tanadi ma'ajiya tasa, mai kwafi fiye da ɗaya da rubutu a tsarin Unicode, a kuma rubuta bayanin kowace murya tun masu bayanin suna kusa.