Kwamfutar da Aka Ce Ta Mutu a Mahuta

Da hunturun 2009 ta iso Mahuta, a cikin kwalin taliya, an naɗe ta da tsohon bargo. Yayana ne ya aiko min da ita daga Legas. A kasuwar Computer Village ta Ikeja ya saye ta, cikin kayan da ake kwasowa daga ofisoshin Turai bayan an gama cin moriyarsu. Direban da ya sauke ta a tasha ya ce tun daga Kontagora yake kaffa-kaffa da ita kamar ya ɗauko ƙwai. Kwamfutar tebur ce, Pentium 4, RAM ɗinta megabayit 512, rumbun ajiyarta gigabayit 40, allonta kuma irin mai ƙeyar nan ne da sai ka rungume shi da hannu biyu. Windows XP ce a cikinta. Da na tayar da ɗan janaretana ta kawo haske, sai da yaran unguwa suka cika min ƙofar ɗaki.

Ina koyarwa a lokacin. Ko da yake Mahuta ce hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai, yawancin lokaci sai na hau mota zuwa Zuru in ina son a buga min tambayoyin jarrabawa yadda nake so, in wuni a shagon buga takardu ina bin layi. Samun wannan na'ura ya yaye min wannan wahala. Wata shida na yi ina jin daɗinta.

Abin da ya fara kayar da ita filash ne. Wani abokin aiki ya kawo nasa don in buga masa takarda, washegari duk jakunkunan da nake ajiye aikina suka koma wasu gumaka masu 'yar kibiya, ka danna babu abin da zai buɗe. Sakamakon ɗalibai na zango biyu yana ciki. Na kai ta wurin wani mai gyara, bai ko tambaye ni abin da ke cikinta ba, ya ce sai an yi mata wanki. Ya wanke ta tas, ya ɗora sabuwar Windows, aikina ya tafi. Sau uku haka ta faru a shekara guda. A karo na huɗu ko wuta ba ta kawo ba, mai gyaran ya ce ta mutu, in sayar masa da ita a kuɗin ƙarfe. Na mayar da ita kwalinta na dawo gida, zuciyata a dagule.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa, wanda bai taɓa kunna kwamfuta ba a rayuwarsa. Na ba shi labari muna zaune a bencinsa.

"Malam, kawo ta in gani. Ba wuta take ci ba?"

"Wuta take ci, Baba, amma ba irin rediyo ba ce."

"Duk abin da ke cin wuta, hanjinsa ɗaya ne."

Ya kwance murfin, ya sa famfon keke ya hure ƙurar hunturu da ta yi dam a kan fanka, ya ɗauko tabaron ƙara girma ya bi allon cikinta a hankali. Sai ya nuna min wasu 'yan gwangwanaye guda biyar da kansu ya kumbura, ɗaya har ya fara zubar da wani abu mai ruwan ƙasa. Kafasita ne, ya ce, zafi da hawa da saukar wutar janareta ne suka cinye su. Ya ciro makamantansu daga wata matacciyar talabijin, ya duba lambobin jikinsu sun dace, ya narka dalma ya liƙa. Ya canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe mata agogo. Da muka jona, fanka ta juya. Har yau ina tuna yadda ya goge hannu a rigarsa ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani." Kuɗin goro kawai ya yarda ya karɓa.

Jiki ya warke, saura cutar filash. Maganinta ya zo ta hannun wani ɗan bautar ƙasa da aka turo yankinmu a 2010, yaro mai shiru-shiru daga kudu. Ya zo da wani faifai a 'yar jakar kwali, ya ce sunan faifan Ubuntu, kuma ta gidan waya aka aiko masa kyauta. Gaskiya ya faɗa. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya daɗe yana aika faifan ga duk wanda ya nema a duniya ba tare da ko sisi ba, sai a 2011 ya daina. A bakinsa na fara jin cewa Windows ba ita ce kwamfuta ba, babbar manhaja ce kawai da ke tafiyar da na'urar, kuma akwai wasu. Ya ce Ubuntu reshe ne na Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya faro a 1991, kowa yana da iznin kwafa ya raba.

Abin da ya yi a gabana ne ya kama ni. Ya tayar da kwamfutar daga kan faifan ba tare da ya taɓa abin da ke rumbunta ba, ya soka wani filash mai cutar, sai ga jakunkunansa duka suna nan lafiya lau. Ashe ƙwayar cutar ba ta goge komai, ɓoye su take yi ta ajiye na bogi a madadinsu, Linux kuwa ba ta bin wannan umarnin ɓoyewa, ƙwayar ma ba ta iya motsi a cikinta don ba domin ita aka rubuta ta ba. Na zauna shiru. Wato duk aikin da aka wanke min sau uku, da minti goma za a iya ceto shi. Wannan abu ya daɗe yana cin raina, kuma shi ya sa har gobe ba na yarda a yi wa kwamfutar kowa wanki sai an fara kwashe abin da ke ciki.

Daga nan muka zama 'yar ƙungiya ba tare da mun shirya ba: ni, da Baba mai rediyo, da wani ma'aikacin lafiya mai tsohuwar laftof, da wani matashi mai buga katin biki da kalandar siyasa. Ranar Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a zauren gidana. Gardamarmu kullum ɗaya ce, wace manhaja ta fi. Ni na yi zafi a kan Linux a shekarun farko, na matsa wa mai katin biki har ya yarda na ɗora masa. Kwana uku ya dawo ransa a ɓace.

"Malam, ka san da CorelDRAW nake cin abinci. Ina take a nan? Firintata ma ta ƙi magana da ita."

Na nuna masa Inkscape, ya gwada, ya ce hannunsa bai saba ba, ga masu biki suna jira. Shi ke da gaskiya. Muka mayar masa da Windows, muka kashe mata buɗe filash kai tsaye, muka yi ƙa'ida: duk filash ɗin baƙo sai ya fara bi ta kwamfutata an tace shi kafin ya shiga tasa. Tun daga ranar na daina tambayar wace ta fi, na koma tambayar mutum wane aiki yake yi, nawa ne RAM ɗinsa, kuma zai hau intanet ko ba zai hau ba. Wanda abincinsa ke rataye da wata manhaja ta Windows, a bar shi da ita. Wanda buga takarda da lissafi da karatu ne buƙatarsa, LibreOffice ta ishe shi.

Ubuntu kanta ta yi wa tsohuwata nauyi da aka sauya mata fuska a 2011, sai na koma ƙanwarta Lubuntu, na ƙara RAM zuwa gigabayit 1 da na samo a Farm Centre ta Kano. Lokacin da rumbun laftof ɗin ma'aikacin lafiya ya mutu, wata huɗu ya yi yana aiki da Puppy Linux daga kan filash, domin ita gaba ɗayanta cikin RAM take zama.

Wani daɗi da ban zata ba shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Da can da rubutun Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu muke samun ɓ da ɗ da ƙ, kuma ya yi wa Hausa babban aiki, sai dai in ka kai takardar wata kwamfutar da ba ta da shi, haruffan su rikiɗe. A Linux na tarar da Hausa cikin jerin kibod, na zaɓa, haruffan suka zauna daram duk inda na kai su. Malamin Hausa ya san darajar wannan, don ƙasa da kasa ba abu ɗaya ba ne.

Ranar 8 ga Afrilu, 2014, Microsoft ta daina kula da XP. Mutane suka ɗauka kwamfutocinsu za su mutu a ranar. Ba su mutu ba, gyaran tsaro ne ya tsaya, wanda haɗarinsa yana kan mai hawa intanet. Amma tsoron ya amfane mu, don a watannin nan aka kawo mana na'urori huɗu da masu su suka fid da rai da su. Uku sun tashi.

Da su muka yi aikin da na fi alfahari da shi. A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, ga yaranmu da yawa, musamman na ƙauyukan kewaye, ba su taɓa riƙe maus ba. Muka jera tsofaffin nan a zaure, kowa ya kawo kuɗin litar fetur. Ina tuna wata yarinya da ta ɗora hannu a kan maus yana rawa, ta ce, "Malam, in na danna ba daidai ba za ta lalace?" Na ce, "Danna, 'yata, wannan ta ga abin da ya fi hannunki." Bayan mako biyu ita ke koya wa 'yan'uwanta. Daga baya na sa musu Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, suka riƙa zuwa karatu ko babu jarrabawa.

Baba mai rediyo ya rasu, Allah ya jiƙansa. Akwatin kafasitocinsa yana wurina. Yanzu sola muke amfani da ita, kuma yawancin abin da ake kawo mana laftof ne na zamanin Windows 7, wadda ita ma aka daina kula da ita a Janairun 2020. Irin waɗannan, ka cire tsohon rumbu mai juyawa ka sa SSD, ka ɗora Linux Mint, sai ka rantse sabuwa ce. Tsohuwata kuwa 'yar 32-bit ce, Ubuntu ta daɗe da barin irinta, don haka antiX ke cikinta. Ba ta iya ɗaukar bidiyon intanet, ban kuma nemi ta yi ba.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, aka rufe kula da Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance ba ta hawa na'urar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0. Ke nan wasu ɗimbin kwamfutoci masu lafiya za su koma sito a ofisoshi da makarantu da gidaje, daga Zuru har Birnin Kebbi. Ina roƙon duk mai irin wannan na'ura: kada ka sayar da ita a kilo, kada ka bar ta ɓera ya yi gida a ciki. Kwashe takardunka, ka nemi wanda zai buɗe ta ya hure ƙura ya duba, in ba ka da buƙatarta ka miƙa wa makarantar unguwarku. Akwai yaro a Fakai da zai shiga ɗakin JAMB bana bai taɓa danna maus ba.