Akwatin Ƙarfe a Bakin Kogin Delaware

Motoci na je saye Amurka, takardun lodinsu zuwa Kwatano suka maƙale, na yi kwana uku ba aikin fari balle na baƙi. Ɗan wana da ke tuƙin tasi a Filadelfiya ya ce, "Baffa, tashi mu haye kogi ka ga ƙarfe."

A tsallaken, a garin Kamden, aka ɗaure New Jersey, jirgin yaƙin da aka saka a ruwa a 1942, yanzu ya zama gidan tarihi. Tsawonsa mita 270. Faɗinsa ƙafa 108, don ya iya ratsa mashigin Panama mai ƙafa 110. Ko ni da ke cusa mota huɗu a kwantena ban taɓa yin lodi mai matsi haka ba.

Na ɗauka daga goshi har wutsiya sulke ne. Ashe ba haka ba. Mai yi mana jagora ya ce da an yi hakan, nauyi zai hana shi gudu. Sai maƙeransa suka zaɓi abin da in ya taɓu jirgi ya tafi, wato injuna da rumbunan albarushi, suka rufe su cikin akwati guda a tsakiya. Bangon akwatin inci 12 ne, yana ɓoye daga ciki, a karkace, don harsashi ya same shi a kaikaice. Rufinsa wajen inci 6. Goshi da wutsiya kuwa ƙarfe ne ba mai kauri ba, an yi lissafin ko sun sha ruwa, akwatin zai riƙe jirgin.

Muka gangara ta matattakala masu tsayuwa cak, na buge ƙwauri a dokin ƙofa har sau biyu. Can ƙasa akwai wani dogon lungu da suke kira Broadway, da dogon ƙarfe a rufinsa na jan kaya masu nauyi. Harsashin babbar igwa ya haura tan guda, nauyin ƙaramar mota irin waɗanda na je saye, kuma buhu shida na albarushi ke tura shi. Buhunan na siliki ne, don su ƙone ƙurmus ba su bar garwashi ba. A sama kuma ga ɗakin tuƙi na lokacin yaƙi, bangonsa inci 17, ƙofarsa kamar ta ma'ajiyar banki, sai 'yar tsaga ta leƙe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗakin cin abinci da wuraren kwana da yawa suna wajen akwatin. Na tambaya ko an taɓa kashe wani a jirgin. Jagoran ya ce wutar abokan gaba mutum ɗaya ta kashe, a 1951, a gaɓar Wonsan ta Koriya. Igwa ce daga tudu, ɓarɓashin harsashinta ya same shi a sarari.