Kuɗin maganin Janairu ba asara ba ne

Ƙannena da kuka haura shekara 65 a nan Amurka, da ku 'ya'yanmu masu karɓo wa iyaye magani, ku ba ni aron kunnuwanku kan Medicare Sashen D, wato inshorar magani. Watan Janairu yana jefa dattawanmu cikin ganganci da lafiyarsu, abin yana damuna ƙwarai.

Da shekara ta kama, lissafin inshora yakan koma farko. Tsohon da ya saba biyan kaɗan a kan maganin tsinka jini, sai ya je kantin magani a kira masa ɗaruruwan daloli. Wannan shi ne kuɗin share fage, wanda mutum zai biya daga aljihunsa kafin inshora ta fara ɗaukar kasonta. A 2025 doka ta hana ya wuce dala 590, a 2026 kuma dala 615. Na ga wani dattijo a Bronx ya karɓi ledar maganinsa, ya daɗe yana duban farashin da aka manna a jiki, sannan ya tura wa mai kanti ledar a hankali, ya ce sai wani jiƙon. Kunya ta hana shi tambaya.

Da ya tambaya, da an gaya masa kuɗin nan a rubuce suke. Dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Biden ya sanya wa hannu a 2022 ta kafa iyakar abin da mutum zai kashe a kan magani a shekara: dala 2,000 a 2025, dala 2,100 a 2026. Kuɗin share fage yana cikin wannan jimla. Wanda ya biya 615 a 2026, saura masa 1,485. Daga nan, a tsari na gama-gari, kashi 25 cikin ɗari na farashi zai riƙa biya, kuma da ya cike iyakar, maganin da shirin inshorarsa ya amince da shi kyauta ne har ƙarshen Disamba.

Amma fa ba kowane kuɗi ake lissafawa ba, kuma a nan mutanenmu ke yin asara. Kuɗin wata-wata da ake biyan kamfanin inshora ba ya ciki. Maganin da ba ya cikin jerin magungunan shirinka ba ya ciki, sai idan likita ya nema maka alfarma an amince. Idan ka ajiye katin inshorarka ka saya da katin rangwame don ya ɗan fi araha yau, galibi ba za a rubuta maka ba. Haka maganin da aka saƙo maka daga Kano ko Kumasi a jakar matafiyi. Na san tausayi ne ke sa 'yan'uwa aikowa, Allah ya saka musu, sai dai mai shan magani mai tsada duk wata yana nesanta kansa ne da ranar da zai huta da biya.

Ku 'ya'ya, abin da kuka biya wa Baba ko Inna a kanti ana lissafa musu, muddin da katinsu aka sayi maganin. Tallafin Extra Help na masu ƙaramin ƙarfi shi ma yana shiga. Insulin kuwa bai wuce dala 35 a wata, ba ruwansa da share fage.

Idan nauyin Janairu ya fi ƙarfinka, tun 2025 akwai damar a rarraba maka kuɗin cikin watannin shekara ba tare da ruwa ba. Kira kamfaninka ka nema. Takardar bayanin da suke aikowa bayan ka karɓi magani, kada ka jefa ta kwandon shara, a ciki ake nuna nawa ka biya da nawa ya rage. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ake sauya shiri, sai ku zauna da yaranku da kwalaben magani a gaba, ku duba ko kowanne yana cikin jerin shekara mai zuwa.