Makon Tufafi a Tamale: Tsakanin Ɗakin Otal da Zauren Mai Gida

A manyan biranen duniya akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi bayan matsin tattalin arzikin 2008, ta kuma ƙara bunƙasa a 2020 sa'ad da annobar korona ta rufe iyakoki. Mutum ne zai ɗauki 'yar jakarsa, ya kulle gidansa, ya kama ɗaki a otal a cikin garin da yake zaune, ya yi kwana biyu ko uku yana hutawa. Masu sha'awar sutura sukan daidaita wannan hutu da makon baje kolin tufafi. A New York, inda Eleanor Lambert ta fara haɗa irin wannan mako a 1943, da Landan da Milan da Faris, sau biyu ake yin babban bajen a shekara, otal-otal su cika, kuɗin ɗaki ya tashi. A Legas, Omoyemi Akerele ce ta kafa nasu a 2011, kuma an yi shekaru ana gudanar da shi cikin watan Oktoba a harabar otal ɗin Federal Palace. Mazaunin Ikeja da ya san wahalar cunkoson gada ya gwammace ya kwana a can, in ya sauko daga ɗakinsa sai zauren kallo.

Daga Tamale nake rubuta wannan, babban birnin Yankin Arewa na Ghana, a ƙasar Dagwamba. Ni Bakano ne da zama ya kawo nan, kuma abin da na gani ya sa ni tunani a kan yadda mu da su muke nuna tufafi, da yadda muke saukar da baƙon da ya zo kallo. Matasan teloli kan shirya nasu ƙananan nune-nunen a zaurukan taro kamar yadda ake yi ko'ina. Amma makon da garin gaba ɗaya yake fito da suturarsa shi ne makon Damba.

Ana yin Damba a watan Rabi'ul Awwal. Asalinsa murnar haihuwar Annabi (SAW) ce da ranar sunansa, sannan ya zama bikin da sarauta ke nuna ƙarfinta da tarihinta. Ana farawa da Somo Damba, bayan kamar mako guda a yi Naa Damba, kashegari a yi Belkulsi, ranar sallama, wadda sarakuna ke hawan dawaki suna zaga gari. A Yendi, a fadar Ya-Na, sarkin Dagwamba, ake yin mafi girma. A Tamale kuwa ƙofar fadar Gulkpe Naa da ta Dakpema kan cika maƙil. Makaɗan kalangu, waɗanda ake kira lunsi, su suke riƙe da filin. Sai su nufi mutum ɗaya, su tsuguna gabansa, su kaɗa masa taken kakanninsa. Ba shi da zaɓi sai ya miƙe. In ya shiga fili ya juya, binjimar da ke jikinsa, wadda a nan aka fi sani da batakari ko fugu, sai ta buɗe ta kewaye shi kamar laima, 'yan uwa su taso suna yi masa liƙi a goshi.

A nan bambanci na farko yake. A Legas ko Faris, wadda ke tafiya a kan dandamali an ɗauko ta ne don aikin, rigar ba tata ba ce, kuma cikin kamar kwata ɗaya na awa an gama nunin. Mai kallo sai da katin gayyata. Abin da ake nunawa kayan da za a sayar ne bayan wata shida, in sabon yayi ya zo a manta da na bara. A filin Damba mai riga shi ke nuna rigarsa. Wata rigar ya shekara yana tara kuɗinta, wata gadon mahaifinsa ce, kuma tsufanta ƙarin daraja ne gare ta. 'Yan kallo sun san gidan da ya fito, da yawansu sun san telan da ya ɗinka. Hatta yadda ya karya hularsa, gaba ko baya ko gefe, ko ya bar ta tsaye, magana ce da kowa ke karantawa, kuma yaro ba ya karya ta irin ta babba a gaban sarki.

Rigar kanta aikin hannu da yawa ce. Ana saƙa ta ƙyalle-ƙyalle, kowane faɗinsa kamar tafin hannu, sannan a haɗa su gefe da gefe, a ƙara tsaiko daga ƙugu zuwa ƙasa don ta yi faɗin da za ta buɗe wajen rawa, a yi wa wuya aiki. Wanda ya fi suna shi ne saƙin Daboya, wani gari na Gonjawa a gaɓar Farar Volta, yamma da Tamale, inda aka saba ƙetare kogi da kwalekwale kafin a isa. Duk Bakanon da ya tsaya bakin ramukan rininsu zai tuna da marinar Ƙofar Mata: baba da toka, da hannuwan da suka rine har gwiwar hannu. Yendi da Gushegu su ma suna da masaƙansu. A cikin Tamale mata da dama sun shiga sana'ar da faffaɗar masaƙa. Sai dai yawancin zaren yanzu na kamfani ne, kaɗin tsofaffin mata ya ja baya, ga kuma yadin da ake bugawa a ƙasashen waje da zanen saƙi, wanda arhar sa ke janye masu saye.

Bambanci na biyu wurin kwana ne. A Legas ɗan gari ne ke barin gida ya matsa kusa da kallo. A Tamale kallon ne ke iske mutum a gida. Dangi kan zo daga ƙauyuka, 'ya'yan da ke aiki a Kumasi da Akra su dawo, samarin gida su koma tsakar gida da tabarma don a ba baƙi ɗakuna. Na taɓa ba wata dattijuwa maƙwabciyata labarin masu kama ɗaki a garinsu, na ce, "Mma, ke ma ai kin cancanci irin wannan hutu." Ta ce, "Malam, in na tafi, wa zai tuƙa wa baƙi tuwo? Gidan da aka zo Damba aka tarar a kulle, ai an gama da sunansa." Tun asuba take kan ƙafa a wannan mako, daga koko da ƙosai zuwa tuwon zafi da miyar ayoyo. Abin da ta faɗa shi ne abin da kakanninmu suka taƙaita da cewa baƙonka Annabinka.

Otal-otal kuwa akwai su, irin su Mariam da Gariba Lodge da Modern City, sun kuma ƙaru tun da garin ya karɓi wasannin cin kofin Afirka a 2008. Masu cika su galibi ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne da na gwamnati da ke zuwa taron bita, sai masu yawon buɗe ido da ke kan hanyar gandun dajin Mole da tsohon masallacin Larabanga. Ɗan gari ma yakan shiga, amma da nasa dalilin: ango da amarya na neman kwana biyu ba hayaniya, ko magidanci ya kai yara wurin ninƙaya da Sallah, ko mai hali ya gudu daga zafin Maris da Afrilu zuwa ɗaki mai na'urar sanyi. Abin da na lura shi ne ba a cika ɗora wa wannan zargi ba.

Mu a Kano lamarin ya fi tsauri. Mutum mai gida da iyali a ga motarsa ta kwana a otal cikin gari, kafin gari ya waye an fara tambayar me ya kai shi. Mace kuwa, ko da mijinta take, sai ta yi tunani sau biyu. A wurinmu otal masaukin baƙo ne kawai, baƙon ma wanda bai da kowa a gari. Ta fuskar nuna sutura kuma mun yi kusa da Dagwamba ƙwarai. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024, su ne namu makon tufafin. Takutaha a Kano da Sallar Gani a Daura a wata ɗaya suke faɗawa da Damba, kuma tushensu ɗaya. Sai dai babbar rigarmu, aska takwas ce ko malum-malum, a kan doki ake ganin kyanta, cikin ƙasaita da natsuwa, alhali binjima sai a ƙasa, cikin juyi. Akwai kuma abin da suka fi mu. Saƙinmu da tsamiya da barage sun kusa komawa kayan fada da na tsofaffi, shaddar Kantin Kwari ta mamaye sauran. Su kuwa sun riƙe nasu. Binjima Kwame Nkrumah da abokan gwagwarmayarsa suka sa a daren 6 ga Maris 1957, sa'ad da ya shelanta 'yancin Ghana a Akra. A 2004 gwamnati ta ware Juma'a don sa kayan gida a wuraren aiki. Yau za ka ga ma'aikacin banki da malamin jami'a sanye da ita, ba tare da wani biki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani tsari ne da mu Hausawa muka taɓa riƙewa a wannan yanki. Kafin Turawa su mai da Tamale hedikwatar Arewa a 1907, babbar kasuwar yankin ita ce Salaga, wadda ayarin fatake daga Kano da Katsina ke dosa don goro, har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa ta. Falke in ya iso da tufafi da kanwa da fatu, gidan mai gida yake sauka. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in bashi ya shiga, ya karɓi la'adarsa. Masauki da ciniki a hannu ɗaya suke, kuma amana ce ke riƙe da su. Otal na zamani ya gaji rabin wannan aiki, wato gado da abinci, ya bar rabin da ya fi amfanar gari. Baƙo kan zo Damba ya kwana uku, ya sayi riga ɗaya a hanyar filin jirgi, ya tafi bai ga masaƙi ba, bai kuma san ko saƙi ya saya ko bugun inji ba.

A wannan fanni Legas ta yi dabara. Otal ɗin da ake bajen a cikinsa shi ne wurin da mai zana tufafi ke haɗuwa da ɗan kasuwar da zai sayi ɗari, da ɗan jaridar da zai kai labari. Wannan shi ne abin koyi a wurinsu, ya fi katin gayyata da ƙyallin fitilu. Kuma an riga an nuna cewa ba dole sai babban birnin gaɓar teku ba. Alphadi na Nijar ya kai manyan masu zana tufafi na duniya hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998, ya kafa bikin FIMA. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a garin a 2019, ya tara ɗaruruwan masu ɗinki a filin wasa na Aliu Mahama, suka haɗa wani ƙaton ƙyalle da aka liƙa wa tsofaffin binjimomi fiye da ɗari, aka lulluɓe ginin Barbican na Landan da shi a 2024. Hannuwan da za su yi aikin suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haɗa su da kasuwa.

Shi ya sa nake ganin otal-otal ɗin Tamale, da na Kano a lokacin hawan Sallah, ya kamata su karɓi rawanin mai gida. A makon biki su ba masaƙa da marina da masu aikin wuya wuri a harabarsu, su yi aiki a gaban baƙi, su sayar da kansu, a rubuta sunan gari da na masaƙi a jikin kowace riga. Su shirya motar da za ta kai mutum Daboya ko Ƙofar Mata. Su tsaya tsakanin mai oda daga nesa da mai saƙa, don kada ɗaya ya cuci ɗaya. Filin rawa kuwa a bar shi inda yake, a ƙofar fada, ba kati ba kuɗin shiga, domin ranar da aka ɗauke Damba aka kai shi zaure, an raba riga da mai ita.

Hutun cikin gari shi ma yana da gurbi a wurinmu, in an sa shi a muhallinsa. Ba a makon biki ba, lokacin da gida ke bukatar masu shi. Bayan an sallami baƙi, an wanke tukwane, 'ya'yan da suka dawo daga Akra da Abuja su haɗa kuɗi su kama wa iyayensu ɗaki na kwana biyu, a dafa a kawo musu, su yi barci ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Babu abin kunya a nan, kuma lokaci ya yi da za mu daina kallon hakan da idon zargi. Matan da ke ɗauke da nauyin kowane biki a Tamale da Kano sun daɗe suna hutar da wasu, haƙƙinsu ne a hutar da su.