Motar Kawu da Batirin da Na Yi wa Ƙazafi

Ranar da Kawu ya shigo layinmu da motar nan, yara suka bi ta da ihu har ƙofar gida. Farar bas ce tsohuwa, irin waɗanda ake ce wa 'yar Beljiyam, ko da yake takardunta sun nuna a Jamus ta ci ƙuruciyarta. Daga waje ba ta da abin kallo. Sai an zuge ƙofar gefe mutum yake riƙe baki. Babu kujerun fasinja, sai gado, da ɗan tebur mai naɗewa, da murhun gas mai kai biyu, da wurin wanke kwanuka da famfonsa, da wani ƙaramin firji a ƙasan kanta. Turawa kan mai da bas irin wannan ta zama ɗaki, su tafi yawon hutu da ita, inda dare ya yi musu nan ne gida.

Shi Kawu ba don yawon hutu ya saye ta ba. Sana'arsa sayar da magungunan dabbobi a kasuwannin mako, Alhamis yana Maigatari, Juma'a yana Wudil, haka har mako ya zagayo. Shekara da shekaru yana kwana a rumfunan mutane, kayansa a ƙarƙashin kansa. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne allurar rigakafi. Yawancinta sai an ajiye ta cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan kuwa ta sha zafi sai ƙarfinta ya tafi ba tare da ido ya gane ba. Makiyayi ya saya ya yi wa dabbobinsa, cuta ta zo ta kwashe su, shi ke nan sunan mai magani ya ɓaci a kasuwa. Saboda firjin nan da gadon nan Kawu ya sayar da filinsa ya sayi motar.

Ni kuwa lokacin na dawo hutu, na gama aji biyu a sashen injiniyan lantarki. Tun ranar da na sami gurbi a jami'a Kawu ya daina kiran sunana, sai Injiniya. Don haka da motar ta fara nuna halinta, ni aka aika a kira.

Inji lafiya lau, kana murza makulli yake tashi. Matsalar a ɗakin take. Da magariba fitilu su kama tangaran, kafin a yi sallar isha'i sun koma ja, can kuma su mutu. Famfo ba ya ba da ruwa. Firji shiru. A jikin allon makunnai an yi rubutu da Jamusanci, sai da na ɗauki hoto da waya aka fassara mini kafin na san wanne ne na fitila, wanne na famfo.

Abu na farko da na gano, kuma har yau ina alfahari da shi, shi ne motar batir biyu gare ta. Ɗaya yana gaba, shi ke tayar da inji. Ɗayan yana ɓoye a ƙarƙashin gado, shi ke ba ɗakin wuta. An raba su ne don kada mutum ya kwana yana kunna fitila da fanka, da safe ya murza makulli mota ta ƙi tashi. Tsakaninsu akwai wani ɗan makunni mai sarrafa kansa da ake kira rile. Idan inji ya tashi, altaneta ta fara ba da wuta, rilen sai ya haɗa batiran biyu su sha caji tare. Idan an kashe inji sai ya raba su.

Na ɗaga katifa na ga batirin ɗakin, ya yi ƙura, takardar jikinsa ta koɗe. Ban auna komai ba. Na kalle shi kawai, na miƙe na karkaɗe hannu, na ce, "Kawu, batirin nan ya gama aiki. Sai an sayi sabo."

"Ka tabbata, Injiniya?"

"Na tabbata."

Washegari muka je Ƙofar Ruwa. Na ga yadda ya ƙirga kuɗin sau biyu kafin ya miƙa, daga baya matarsa ta gaya wa mahaifiyata cewa ribar mako uku ce. Muka ɗaura sabon batir, daren nan fitilu suka kai har asuba, Kawu yana ta sa mini albarka. Dare na biyu ma haka. A dare na huɗu, wajen ƙarfe tara, ya aiko ƙaramin ɗansa ya ce in zo. Na tarar da shi zaune a bakin ƙofar motar cikin duhu. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce, "Injiniya, shi ma sabon ya gama aiki ke nan?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Akwai wani dattijo mai gyaran wayar mota a bayan unguwarmu, kowa Baba yake ce masa. Bai yi boko ba, amma ya fi shekara talatin yana wannan aiki. Da kunya na je wurinsa na zayyana masa komai. Ya saurare ni yana feƙe waya da reza, sannan ya ce, "Da ka ce batir ya mutu, nawa mita ta nuna maka?"

Na ce ban sa mita ba.

"To wa ya gaya maka ya mutu? Shi batirin ne ya faɗa?"

Yaransa suka ƙyalƙyale da dariya. Ya ɗauko wata tsohuwar mita da aka ɗaure bayanta da roba ya ba ni, ya ce ba zai taɓa motar ba, ni zan yi aikin, shi zai zauna a kan benci ya sha shayinsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada in cire komai, kada in sayi komai, sai na faɗa masa lamba.

Ga abin da ya kamata in sani tun farko, ƙannena, domin yana cikin littafin da na ci jarrabawa da shi. Batirin mota da ya cika, idan yana hutawa, yakan nuna kusan bolt 12.6. Idan ya sauka zuwa 12.0, fiye da rabinsa ya tafi. Idan inji yana aiki kuma caji yana shiga, mita za ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Muka tayar da inji. Na ɗora mita a batirin gaba, 14.1. Na zagaya na ɗora a sabon batirin ɗaki, 12.1. Nan take jikina ya yi sanyi. Batirin ba ya samun caji ko kaɗan, ko kuma abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Wutar da ya zo da ita daga shago muka yi kwana uku muna sha.

"To bi ta," in ji Baba. "Wuta kamar ruwan rafi take. Ka bi ta daga inda take, taki ɗaya ɗaya, har inda ta ɓace."

Na bi. Fiyus na farko lafiya, wuta ta shiga ta fita. Rile yana yin ƙas idan inji ya tashi, bakinsa na shiga 14.1, na fita 14.0. Na bi jar waya mai kauri ta ƙarƙashin dabe har kan batir. Na ɗora jan tsinken mita a kan batir, baƙin kuma a jikin ƙarfen mota, 14.0. Ke nan wuta ta iso. Amma da na mayar da baƙin tsinken kan ɗaya ƙafar batirin, sai 12.1. Na yi ta maimaitawa ina zaton mitar ce ta rikice.

Baba ya ajiye kofinsa. "Ta zo. Ta ina za ta koma?"

A nan ne kaina ya buɗe. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa. A mota, ƙarfen jikin motar shi ne hanyar dawowar, shi ya sa ake ɗaure baƙar wayar batir a jikin shasi, abin da masu gyara ke kira at. Na kwanta a ƙasa na shiga ƙarƙashin motar da tocilan a baki. Can na ga inda aka ɗaure wayar da noti. Daga nesa lafiya lau take. Da na taɓa, sai tsatsa ta zubo mini a ido kamar garin barkono. A ƙasashen Turai ana watsa gishiri a kan tituna lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfen ƙasan mota shekara bayan shekara. Motar ta taho mana da tsatsar Jamus har Kano.

Abin da ya ruɗe ni tun farko shi ne fitilun suna kamawa. Ashe su wayarsu ta dawowa kai tsaye take zuwa kan batir, ba ta bi ta shasi. Caji ne kaɗai yake bin hanyar da ta toshe.

Waɗanda suka kai aji ɗaya na babbar sakandare sun san dokar Ohm. Ku gwada da wannan. Bambancin da ya ɓace a wurin tsatsar kusan bolt 2 ne. A ce tsatsar ta tare wuta da om 1 kacal, to amfiya 2 ce kawai za ta wuce. Batir mai ɗaukar amfiya 100 na awa, idan rabinsa ya tafi, yana bukatar 50. Raba 50 da 2. Sai Kawu ya yi awa 25 yana tuƙi kafin ya cika. Na yi wannan lissafin a bayan kwalin sabulu, na nuna wa Baba. Ya duba ya ce bai san om ba, amma ya san tsatsa.

Gyaran bai kai rabin awa ba. Na kwance notin da sifana, na goge ƙarfen da sanfefa har ya yi ƙyalli, na sa sabon kan waya, na ɗaure tam, na shafa giris. Muka tayar da inji, mita ta nuna 13.9 a batirin ɗaki tana ƙara hawa. Tsohon batirin da na yanke wa hukunci, Baba ya sa shi a caji kwana ɗaya, ya riƙe wuta lafiya ƙalau.

Sauran ayyukan da mita a hannu na yi su. Famfo dai ɗan makunnin da ke cikin kansa ne ya yi datti, na wanke shi ruwa ya zo. Gas kuwa Baba ya ja mini kunne sosai, ya ce ko da wasa kada in nemi yoyo da ashana. Muka kaɗa ruwan sabulu muka shafa a kowace mahaɗa. Tiyon da ya fito daga tukunya ya yi ta hura kumfa, duk ya tsattsage don tsufa. Wannan kam muka sayi sabo, kuma a wannan karon na san dalili.

Firji ne ya kusa sake kayar da ni. Na kunna shi na kasa kunne, ban ji ƙugin da firjin gida yake yi ba, har na buɗe baki zan ce ya mutu, sai na tuna da batir na yi shiru. Da na cire murfin bayansa na ga ba shi da kwamfuresa sam. Irin firjin nan da zafi yake yin sanyi. Akwai ruwan amoniya a cikin bututunsa, ana dafa shi da ɗan harshen wutar gas ko da lantarki, ya tashi ya zagaya ya kwashe zafin cikin firjin ya dawo. Baba ya ce haka firjin kananzir na asibitocin ƙauye yake aiki. Yana da sharuɗɗa biyu. Yana ɗaukar awanni kafin ya yi sanyi, kuma dole mota ta tsaya daidai, don idan ta karkace ruwan ba ya gangarowa yadda ya kamata. Ƙofar gidan Kawu kuwa gangare ce. Muka zuba ruwa a faranti muka ajiye a kan kanta, muka yi ta cusa katako a ƙarƙashin taya har ruwan ya daidaita. Da safe na sa hannu a ciki na ji sanyi.

Kawu ya so ya zuba allurai a ranar. Na ce a'a, sai mun auna. Na sayi ɗan ma'aunin zafi da kuɗina, na bi shi Maigatari ranar Alhamis, firjin ba komai a ciki sai robobin ruwa. Da asuba digiri 4. Da hantsi 6. Da azahar, rana ta take, jikin motar ba ya taɓuwa, sai ga 12. An ƙera firjin ne don bazarar Turai, ba don ranar kan iyakar Nijar ba. Da mun zuba allurai da duk sun tashi a banza, kuma da ba wanda zai sani sai bayan dabbobin mutane sun fara faɗuwa.

Da muka dawo na ciro ƙananan fankoki biyu daga wata matacciyar kwamfuta, su ma da bolt 12 suke aiki, na ɗaura su a tagar bayan firjin don su riƙa fitar da iska mai zafi. Kawu kuma ya koyi ajiye motar a inuwa, ɓangaren firjin yana kallon inda rana ba ta bugu. Mako na gaba da azahar ma'auni ya tsaya a 7. Duk da haka na roƙe shi kada ya rabu da tsohuwar kularsa da ƙanƙara, musamman a watan Afrilu, ya kuma yarda.

Maganar kuɗin batir ban bar ta ta wuce ba. Na ce zan riƙa biya kaɗan kaɗan daga abin da nake samu a koyar da yara lissafi. Ya ce in bari, na ce ba zan bari ba. Zuwa yanzu na biya kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsohon batirin kuma Kawu ya bar wa Baba a madadin ladan aikinsa, yana nan a shagonsa yana ba fanka wuta.

Kafin in koma makaranta na saya wa Kawu mita irin ta Baba, na manna jar leda a inda zai murɗa ta. Ranar Juma'ar da ta wuce ina tsakiyar karatu a ɗakin kwananmu wayata ta yi ƙara. Ina ɗagawa na ji kukan shanu da hayaniyar Wudil a bayansa.

"Injiniya, na baya sha huɗu daidai, firji biyar. In zuba kaya?"

Na ce ya zuba.