Baƙon Harshe a Gidan Linux

A shekarar 1991 ne wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ke raba wa kowace manhaja lokaci da gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura. Ita ce a cikin kowace wayar Android. Da harshen C ya rubuta ta, harshen da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro wajen 1972. Shekaru talatin C na cin karensa ba babbaka a wannan gida. Ko C++ da ya nemi shiga, Torvalds bai ba shi masauki ba.

Amma C wuƙa ce mai kaifi biyu. Yana bar wa marubuci kula da ƙwaƙwalwa da hannunsa, in kuwa ya yi tuntuɓe, kamar ya sake amfani da gurbin da ya riga ya saki, to, ya buɗe wa ɓarayi ƙofa ke nan. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaro da yake toshewa daga irin wannan kuskure suke. Shi kuwa Rust, wanda ya girma a kamfanin Mozilla, ya kuma tsaya da ƙafafunsa a 2015, manhajar da ke fassara shi ga na'ura kan ƙi karɓar yawancin waɗannan kurakurai tun kafin aikin ya fita. Saboda haka Miguel Ojeda da abokan aikinsa suka nemi a shigar da shi, aka kuma amince a matsayin gwaji a Linux 6.1, cikin Disamba 2022.

Daga nan gardama ta kaure. Mai gaggawa zai ce sabo ne turken wawa, amma hujjar dattawan ba ta wasa ba ce. Mutumin da ya shekara ashirin yana kula da sashensa, in ya canza wani abu a C har ɓangaren Rust ya lalace, wa zai gyara? Dole ne ya koyi sabon harshe da furfurarsa? Su kuma matasan suna ganin ana ja musu ƙafa da gangan. A Agusta 2024 Wedson Almeida Filho ya ajiye aikin saboda gajiya da jayayyar da ba ta shafi fasaha ba. A farkon 2025 Christoph Hellwig ya ƙi yarda da wani aikin Rust da ya jingina da sashensa, rikicin da ya kai Hector Martin ga yin murabus.

Hukuncin da Torvalds ya yanke ya cancanci nazari: ba wanda za a tilasta wa koyon Rust, amma wanda ya zaɓi kawar da kai ba shi da ikon hana wasu amfani da shi. Kowane ɓangare ya rasa wani abu, kowane kuma ya tsira da mutuncinsa. A Disamba 2025, a taron manyan masu kula da Linux a Tokyo, aka amince cewa lokacin gwaji ya ƙare. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan ya sami ɗaki. C na nan a matsayin maigida, sai dai mutanen da suka fice lokacin rikicin su ne kuɗin da aka biya.